Bakina ya saba da Kumasi

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa ban ci tuwon dawa da miyar kukar da aka kai mini sosai ba ranar da na sauka gidanku a Kano, har ka ce ko zaman Gana ya cinye mana Hausancinmu. Ban ji haushi ba, na dai ga mahaifiyarka ta damu, shi ya sa zan yi maka bayani.

Fataucin goro ne ya kawo kakana Kumasi. Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa kai fufu bakinsa ba, wai abincin Tonawa ne, wato Ashantawa. Mahaifina yakan ci in an kawo daga maƙwabta. Ni kuwa yau in na yi kwana uku ban ji ana kirɓa rogo da agade a turmi ba, sai in ji gidan ya yi mini shiru. Da safe koko da ƙosai ne, irin naku, sai dai namu ya fi yaji. Da hantsi wake da shinkafa, wanda ake dafawa da karan dafi har ya yi ja, a zuba masa shito, wato barkonon da aka soya da busasshen kifi har ya yi baƙi. Duk ƙasar nan "waakye" ake ce masa, daga kalmarmu ta wake. Ka ga kenan kamar yadda muka ɗauki nasu, su ma sun ɗauki namu.

Sutura ma haka. Dattawan da na tarar a unguwar Aboabo babbar riga ce da jar dara da rawani. Mu muka zo da shadda, ranar Juma'a kuma wani ya sa fugu, saƙin mutanen arewacin Gana. Jikokina jallabiya suka sani, 'yan matan kuma abaya.

Amma abin da nake so ka gane shi ne kewa. Kai kana zaton in na zauna shiru Kano nake tunawa. Wallahi tsohuwar kasuwar Kejetia ta nan Kumasi nake tunawa, tun kafin a rushe ta a gina wannan babbar kasuwa mai rufi. Akwai wata 'yar rumfa da mahaifina yake zama yana yayyafa wa huhun goro ruwa, ni ina gefe ina tsince masu tsutsa. Kwanaki na je na tsaya daidai inda nake zaton nan ce, sai na tarar da shagon wayoyi. Na daɗe a tsaye, har yaron shagon ya tambaye ni ko ɓata na yi.

A 1969, da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, ina da shekara 11. Na ga maƙwabtanmu suna ɗaura katifu a kan motoci suna kuka, alhali wasunsu garuruwan iyayensu za su koma. Tun ranar na san nan ne gida.

Ka sha dariya da na ce "matata ya gaishe ku". Haka Hausarmu take, ba mu cika raba mace da namiji ba, kuma da ita muke ciniki, da ita malamanmu suke fassara Alƙur'ani da azumi. Ka gaya wa mahaifiyarka tuwonta ba shi da laifi ko kaɗan. In Allah ya kawo ka Kumasi, ka zo da kuka da daddawa, ni kuma zan sa a kirɓa maka fufu da miyar gyaɗa.