Tambaya da Amsa: Kisan Jinƙai, Tausayi Ne ko Ƙetare Iyaka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ya yi wata bakwai yana fama da ciwon daji kafin Allah Ya karɓi abinsa, kuma a makonnin ƙarshe, idan ciwon ya taso masa cikin dare, yakan damƙe hannuna ya ce shi kam ya gaji, Allah Ya ɗauke shi ya huta. Kwanan baya na ji a rediyo cewa wasu ƙasashe sun yarje wa likita ya kawo ƙarshen rayuwar irin wannan majiyyaci idan shi da kansa ya nema. Mene ne gaskiyar maganar, kuma me ya sa ake ta jayayya a kanta? — Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ciwon ya zama kaffara, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Abin da kika ji gaskiya ne, sai dai hanyoyin biyu ne, ko da yake mutane kan cuɗa su wuri guda. A ta farko likita ne da hannunsa yake yi wa majiyyaci allurar da za ta kashe shi, wanda shi ne ake kira kisan jinƙai, kuma ƙasashen Holan da Beljiyam suka fara aiki da dokarsa a shekarar 2002, Sifaniya ta bi sahu a 2021. A ta biyu likita rubuta maganin kawai yake yi, majiyyaci ya sha da kansa. Wannan ita ce hanyar jihar Oregon ta Amurka tun 1997, inda sai likitoci biyu sun tabbatar cewa mutum ba zai wuce wata shida a duniya ba, kuma hankalinsa na jikinsa, sannan ya nema da baki har sau biyu, ya kuma rubuta a gaban shaidu.

Masu goyon baya suna da hujjar da bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba, domin mafi yawansu sun zauna a bakin gadon wani nasu kamar yadda kika zauna. Suna cewa wanda mutuwa ta riga ta tunkaro shi ba zaɓi yake yi tsakanin rai da mutuwa ba, yadda ƙarshen zai kasance yake zaɓa. Suna kuma nuni da cewa haramcin bai hana abin faruwa ba: masu hali daga Birtaniya da Jamus sun daɗe suna hawa jirgi zuwa Suwizalan, inda ƙungiyar Dignitas ke taimaka wa masu neman kawo ƙarshen rayuwarsu tun 1998, su mutu a baƙuwar ƙasa tun suna da sauran ƙarfin yin tafiya, alhali dokar Ingila ta 1961 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya taimaka wa wani ya kashe kansa. Irin wannan hujja ce ta sa majalisar wakilan Birtaniya ta amince da ƙudirin 'yar majalisa Kim Leadbeater na halasta hanya ta biyun nan, a karatu na biyu cikin Nuwamban 2024, da ƙuri'a 330 a kan 275.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina yana cikin rahotannin da hukumar lafiya ta Oregon ke fitarwa duk shekara. Idan aka duba dalilan waɗanda suka nemi maganin, raɗaɗi ba shi ne kan gaba ba. Abin da ya fi yawa shi ne rasa ikon yi wa kai abu, da kasa yin abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu, da zubewar mutunci, sannan da yawa suna ambaton tsoron zama nauyi a kan iyali. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka rubuta wa maganin ma ba sa shan sa. Yana nan a ajiye har ajali ya zo da kansa. Wannan ya nuna mini cewa sau da yawa mai cewa "na gaji" yana neman a tabbatar masa ne cewa ba a gaji da shi ba. Wanda ya taɓa juya dattijo a kan gado, ya canza masa zanen da ya ɓata, ya ga yadda yake kawar da kai don kunya, ya san inda maganar ta dosa.

Hujja mafi nauyi ta masu adawa, bayan ta addini, ita ce ƙofar da aka buɗe kaɗan ba ta tsayawa inda aka bar ta. Kanada ta kafa dokarta a 2016 don waɗanda mutuwarsu ta kusa, zuwa 2021 aka cire wannan sharaɗi, kuma a 2023 sama da mutum 15,000 ne suka mutu ta wannan hanya, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa ashirin a ƙasar. An ma tsara shigar da masu taɓin hankali zalla, sai aka ɗage zuwa 2027. Beljiyam ta cire iyakar shekaru a 2014. Shi ya sa ƙungiyoyin naƙasassu da dama suke sahun gaba wajen adawa, suna tambayar yadda za a gane zaɓin da mutum ya yi don kansa daga wanda talauci da kaɗaici da kallon da magada ke yi masa suka tura shi. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya har yanzu ba ta amince ba, Musulunci ya haramta bisa ayar Suratun Nisa'i da ta hana kashe kai, Cocin Katolika ma haka. A nawa ganin, ƙasar da ba ta wadatar da majiyyatanta da maganin raɗaɗi da masu kula da su ba, ba ta da bakin cewa ta ba su zaɓi idan ta miƙa musu allurar mutuwa.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin jinya ne. Sau da yawa dangi kan hana mu ƙara wa majiyyaci mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, ko su ƙi yarda a cire na'urar numfashi, suna cewa kisa ne. Shin duk ɗaya ne da kisan jinƙai? — Daga wani mai karatu.

AMSA: Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa, kuma wannan ruɗani ya jawo wa bayin Allah wahalar da ba ta wajaba ba. Mofin da ake bayarwa daidai gwargwado, ana ƙarawa sannu a hankali bisa ƙarfin ciwon, manufarsa kashe raɗaɗi ce, kuma masana wannan fanni sun nuna cewa ba kasafai yake gajarta rai ba. A kan wannan ne wata likitar Birtaniya, Cicely Saunders, ta kafa gidan jinyar masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, inda ta koyar da cewa a riƙa ba da maganin a kan lokaci, kada a jira sai majiyyaci ya fara murƙususu sannan a ruga neman allura. Ita kanta ta yi adawa da kisan jinƙai har ƙarshen rayuwarta.

Game da na'ura kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Amman a 1986 cewa idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ba kuma za ta dawo ba, ya halasta a cire na'urar ko da zuciya tana bugawa da taimakonta. A nan cutar ce ta yi kisan. Shawarata ita ce kada ku tari dangi da wannan magana a tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Ku zaunar da su tare da likita, a nuna musu sakamakon gwajin, a bar su su kira malamin da suka yarda da shi, a kuma ba su lokaci su shiga su yi bankwana kafin a taɓa komai.