Tambayi Anti: Yawon amarci a jirgin ruwa, Santambul ko Masar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ina yini ya aiki. Dan Allah shawara nake nema. Bikina ƙarshen watan Disamba ne in sha Allah, kuma angon yace shi bazai yi dina ba, kuɗin da za'a zubar a hol da masu kiɗa gara mu tafi yawon amarci na kwana goma dasu, ni in zaɓi ƙasa. Toh ni abinda ke raina shine muje Santambul mu kwana huɗu muga gari, daga nan mu shiga irin manyan jiragen ruwan nan da nake gani a Instagram masu zagaya tsibiran Girka, Santorini da sauransu. Shi kuma wai abokinsa yace masa Masar tafi sauƙi, ni kuwa gaskiya Masar a ganina wajen zuwa asibiti ne da karatu, ba wajen amarci ba. Ga Hajiyarmu tunda taji zancen jirgin ruwa hankalinta ya tashi, tace ruwa ba sa'an kwando bane. Dukkanmu fasfon Najeriya garemu, ni ban taɓa fita ba, shi kuma Umara kawai ya taɓa zuwa. Ya kike gani Anti?

Amarya mai jiran biki, daga Zariya

AMSA

Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin. Angon nan naki dai ki riƙe shi da kyau, mai barin dina saboda ya fita dake yawo ba kullum ake samunsa ba.

Bari in fara da abinda bazai miki daɗi ba. Jiragen nan da kike gani a Instagram, matsalarsu ba ruwan bane, biza ce. Turkiyya bata cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, amma Girka tana ciki, kinga kenan biza biyu kuke buƙata, ta Turkiyya da ta Shengen, kuma tunda jirgin fita yake ya sake shiga sau da yawa sai an nemi mai shiga fiye da sau ɗaya. Kar ki ce ai mu bazamu sauka a Girka ba zamu zauna a cikin jirgi, basa jin wannan, tun a bakin tasha ake duba takardu, in babu biza baza ku hau ba kuma kuɗin ya tafi kenan. Ke da fasfonki sabo fil ko hatimi ɗaya babu a ciki, ki ɗora amarcinki gaba ɗaya akan ko ofishin jakadanci zasu yarda ko bazasu yarda ba? Ni ban baki wannan shawarar ba. Sannan ma Disamba da Janairu hunturu ne a can, yawancin jiragen tsibiran Girka lokacin zafi suke aiki, Santorini ɗin da kike gani fari da shuɗi rana na haskawa, a Janairu iska ce da sanyi da otal otal a rufe.

In kuma Santambul ɗin ce dai lallai, kuje abinku, akwai ƙananan jirage masu zagaya mashigin Bosforus na awa biyu ko makamancin haka, Turai a hannun nan Asiya a wancan, ba wata ƙarin biza. Amma wannan yawon yamma ne, ba kwana a kan ruwa ba.

Abokin angon naki yayi gaskiya, kuma ki daina raina Masar. Mu ne muka maida ta asibiti. Abinda kike so, wato gari da jirgin ruwa a tafiya ɗaya, Masar na dashi a biza guda, ga jirgin EgyptAir na tashi daga Kano da Abuja kai tsaye zuwa Alƙahira ba sai kun kwana a wani filin jirgi kuna gyangyaɗi ba.

Ni da nice ke, Alƙahira zan fara, kwana uku ko huɗu. Rana ɗaya ta Giza ce, dalar nan babba ta Fir'auna ta kai shekara 4,500 a tsaye kuma hoto baya nuna girmanta sai kin tsaya a gindinta kin ga dutse ɗaya ya kusa kai miki kafaɗa. Kuje da sassafe. Masu raƙuma da dawaki zasu yanyame ku, ku gama ciniki kafin ki hau, kuma ku tabbatar kuɗin ya haɗa da saukewa, ba wasa nake ba. Kusa da wurin akwai sabon babban gidan tarihin da aka buɗe a 2025, can aka tara kayan Fir'auna Tutankamun. Wata ranar kuma ku bawa tsohon gari: masallacin Azhar wanda aka gina tun wajen shekara ta 970, da ƙyar ku fito baku ji Hausa a bakin ɗalibanmu ba, sai masallacin Husaini a tsallaken titi, sai kasuwar Khan Khalili a jikinsa. A kasuwar nan duk kuɗin da aka fara faɗa miki ki raba biyu sannan ki fara magana, ke 'yar Zariya ba sai na koya miki tayi ba. In da sauran ƙarfi ku hau ganuwar Salahuddin kuga gari daga sama, ku ziyarci kabarin Imamu Shafi'i. Amma wuri biyu a rana ya isa, cunkoson motocin Alƙahira kaɗai aiki ne.

Daga nan sai ku hau jirgin sama zuwa Luksor, kamar awa ɗaya ne. Jiragen kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan suke zirga zirga, tafiyar kilomita ɗari biyu da wani abu, in daga Luksor kuka tashi yawanci kwana huɗu ne, in daga Aswan kwana uku saboda ana bin ruwa. Ku ɗauki na kwana huɗun, yafi natsuwa. Jirgin kamar otal ne mai hawa huɗu ko biyar, ɗakinku da banɗakinku da taga babba, abinci sau uku, can sama kuma kujeru da rumfa. Ki gaya wa Hajiya wannan kogi ne ba teku ba, babu igiyar ruwa babu jiri da amai, kuma duk tafiyar kina hango gaɓa dama da hagu, dabino da gonakin rake da yara na ɗaga muku hannu, har kiran sallah kuna ji daga ƙauyuka. Ki dinga kiranta ta bidiyo tana gani da idonta.

Sai dai fa kar ki ɗauka kwanciya zakuyi kawai. Wannan shine abinda ejan ɗin tafiye tafiye baya faɗa. Tun ƙarfe biyar ko shida ake buga muku waya a fito, saboda a gama yawo kafin rana tayi. Wuraren tarihin da ake zagayawa sune tsohon wurin bauta na Karnak, Kwarin Sarakuna inda aka gano kabarin Tutankamun a 1922, ginin sarauniya Hatshepsut, sai Edfu da ake kaiku a keken doki, sai Kom Ombo mai gawarwakin kadoji da aka busar tun zamanin Fir'auna, sai Aswan da madatsar ruwanta da aka gama a 1970. Ba dole bane kuje duka. Ku amare ne ba 'yan makaranta ba, duk ranar da kuka gaji kuce a tafi babu ku. Abu Simbel misali wuri ne mai kyau amma tun wajen huɗun asuba ake tashi, awa uku da wani abu a mota zuwa, haka dawowa, ni dai bazan tashi amarya don wannan ba. Wanda bana so ku rasa shine shiga ƙaramin kwalekwale mai tanti da suke kira faluka a Aswan da la'asar, da kuma lokacin da jirgi zai ratsa ƙofar ruwa ta Esna, inda 'yan tallar ke zuwa a kwalekwale suna cillo jallabiya da tawul har saman jirgi, in kin so ki saka kuɗi a leda ki cilla musu, in baki so ki maida kayan. Nasha dariya ranar.

Wani abu kuma da ya shafe ku musamman, in jiragen suka tsaya jerawa suke gefe da gefe, har sai kun ratsa ta cikin jirgi biyu ko uku kafin ku taka ƙasa, toh tagarku zata iya kallon tagar wasu. Ki saki labule. Na faɗa miki.

Abinci halal ne ba damuwa, amma ana saida giya a yawancin jiragen kuma akwai daren da ake kawo mai rawa, ku hau sama ku sha iska abinku. Miyarsu ba yaji, ki ƙulla yajinki a jaka. Zaki ga ana miƙo miki wani jan abin sha wai karkade, zoɓo ne ƙanwata, har goruba suna jiƙawa su sha a Aswan. Ruwan famfo kam kar ku sha, na roba kawai, kuma sau da yawa shi da lemo basa cikin kuɗin da kuka biya. Ga bakshish, wato ɗan ihsani, kowa na sa rai tun daga mai ɗaukar jaka har direba, ku tanadi canjin kuɗinsu. Alƙibla kuma ku tambayi ma'aikata duk lokacin sallah tunda kogin lanƙwasa yake.

Lokaci ya muku kyau, daga Oktoba zuwa Afrilu ne ake zuwa. Ni na taɓa kuskuren zuwa a Yuni saboda wani ejan yace min yafi araha, zafin Aswan ya haura 40, na ƙare a ɗaki ina kallon kogi ta gilashi. Amma kar ku tashi washegarin kai amarya. Satin Kirsimeti da sabuwar shekara komai tsada yake, ke kuma ga gajiyar biki ga buɗar kai ga gaishe gaishen dangin miji, ku bari sai tsakiyar Janairu. Ki tafi da rigar sanyi, dare a kan ruwa akwai sanyi sosai.

Takardu kuma tun yanzu. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara, da takardar shaidar aure saboda wasu otal ɗin suna tambaya, ku karɓa tun ranar ɗaurin aure kar ku bari sai ana gobe tafiya. Tikiti kuma a yanka da sunan dake cikin fasfonki harafi da harafi, kar zumuɗin amarci yasa a rubuta miki sunan ango. Sannan ejan ya rubuto muku sunan jirgin da hawan da ɗakinku yake, ku duba hotunansa da kanku kafin ku biya, kowanne cewa yake tauraro biyar ne. Ku ƙi hawan ƙasa, kusa da inji yake.

In kun dawo ki rubuto min ya akayi, kuma ina jiran tsarabar turare.