Abin da ake nema a saƙon komit

Ƙanena, ka tambaye ni me ya sa masu kula da buɗaɗɗiyar manhajar nan suka dawo maka da aikinka, alhali kod ɗin yana aiki lafiya lau. Na duba. Komit bakwai ka tura, wato ƙunshin canji bakwai da ka adana, kowanne da saƙon bayaninsa: uku saƙonsu "fix", biyu "update", sauran biyun ko ni da na san hannunka ban gane su ba. Ba wulaƙanci suka yi maka ba, ni ma da haka zan yi.

Abin da ka canza, Git, tsarin da ke adana tarihin canje-canjen kod, yana nuna shi layi bayan layi. Dalilin canjin ne ba ya gani. Wannan yana cikin kanka kaɗai, kuma nan da wata shida kai ma ka manta shi.

Na taɓa aiki a kan wata manhaja mai akwatin neman sunaye. Na tarar da wani layi da ke mayar da harafin ƴ ya koma 'y kafin a yi bincike. Na buga git blame don in ga wanda ya sa shi da hujjarsa, sai na iske saƙon kalma ɗaya tak, "fix". Na ɗauka tarkace ne, na goge. Ba a yi kwana uku ba masu amfani da ita a Nijar suka fara kuka, sun rubuta suna ba ya fitowa, domin su ƴ suke rubutawa inda mu a Najeriya muke sa 'y. Jimla biyu da mutumin nan ya rubuta, da ban taɓa layin ba.

Tsarin ba shi da wuya. Layin farko take ne, kada ya wuce haruffa 50 da yawa, don shi kaɗai git log --oneline yake nunawa a jerin komit. Ka rubuta shi da sigar umarni, kamar yadda masu Git kansu suke buƙata: "Normalize ƴ to 'y before name search". Sai ka bar layi ɗaya babu komai. Kada ka raina wannan gibin, da shi Git ke raba take da bayani, kuma idan aka tura gyara ta imel, kamar yadda masu Linux, wata babbar buɗaɗɗiyar manhaja, suke yi har gobe, taken ne ke zama kan wasiƙar. Don aikin Linux ɗin ma Linus Torvalds ya ƙirƙiri Git a 2005.

A ƙasa ka yi bayani, kowane layi kamar haruffa 72. Mece ce matsalar, yaya take bayyana, me ya sa ka bi wannan hanya ka bar waccan? Idan ka gwada wata dabara ta ƙi, faɗe ta, ka hutar da na bayanka. In akwai lambar ƙorafi a GitHub, dandalin intanet da ake ajiye kod, rubuta "Fixes #" da lambar, zai rufe kansa in an haɗe aikin. Turancinka bai zama dole ya yi ado ba, gajerun jimloli sun isa.

Komit ɗaya, aiki ɗaya. Da zarar takenka ya nemi "and", to aiki biyu ka cusa wuri guda, raba su da git add -p. Ranar da wani zai farauci inda manhaja ta lalace da git bisect, yana son ya sauka kan ɗan ƙaramin canji.

Kuma kowane gida da al'adarsa. Wasu suna son "feat:" ko "fix:" a gaba, masu Linux ba sa karɓa sai da Signed-off-by, wato layin sa hannun wanda ya turo aikin. Karanta fayil ɗin CONTRIBUTING da komit ashirin na baya kafin ka rubuta naka.

Yanzu kana da sauran dama, tunda ba a haɗe aikinka da babban reshe ba, wato ainihin kod ɗin manhajar. In ya shiga, magana zarar bunu ce. Je ka yi git rebase -i, ka dunƙule bakwai ɗin su koma biyu, ka sake saƙonnin, ka nuna mini kafin ka tura.