Tsiro a hancin yaro da jinkirin fahimta: likita ya amsa

Tambaya: Salam likita, ɗana ne shekararsa 6, tun yana jariri baya iya kama nono sosai, bai yi tafiya ba sai da ya haura shekara 3, maganarsa ma har yanzu bata fita. Yanzu kuma wasu ƴan tsiro sun fito mai a bakin hanci, kakarsa tace a kira wanzami ya yanke.

Amsa: Wa'alaikumus salam maman yaro. Don Allah kar a bari aska ta taɓa hancin nan, jini kawai za'a zubar mai, kuma irin wannan tsiron yakan sake fitowa. Sai an duba shi ido da ido kafin a sa wa ciwon suna, amma abinda kika lissafo ya sa na tuna da ciwon Costello. Sunan wani likitan yara ne ɗan ƙasar Niyu Zilan, Jack Costello, shi ya fara bayaninsa a 1971 ya ƙara a 1977, kan wasu yara biyu masu jinkirin fahimta da tsiro a hanci. Ki buɗe tafin hannunsa ki duba, masu wannan ciwon fatar hannu da ta ƙafa tana musu yawa, taushi luɓus kamar safar da ta fi ƙarfin hannu, layukan tafin kuma sun nutsa sosai. Da yawa ana haifarsu da nauyi bayan ciki mai yawan ruwa, sai kuma su ƙi ƙiba saboda wahalar ci. Littattafai suna ambaton nannaɗaɗɗen gashi, to wannan a wajenmu baya raba komai.

In dai wannan ciwon ne, shi tsiron ba ciwon daji bane, likitan fata ko na hanci zai iya cirewa idan yana damunsa. Ni abinda ya fi tsaya min a rai zuciyarsa ce, domin mafi yawan yaran nan suna da matsala a nan, ko naman zuciya yayi kauri ko hanyar jini zuwa huhu ta tsuke ko bugun ya riƙa sauri, kuma uwa bata ganin wannan da ido. Ki kai shi wajen likitan yara a babban asibiti, ki roƙi a yi mai hoton zuciya da gwajin bugunta. Sannan kusan 15 cikin 100 na masu ciwon suna gamuwa da ciwon daji a rayuwarsu, shi yasa ake musu sikanin na ciki duk bayan ƴan watanni suna ƙanana, in sun tasa a riƙa duba fitsari ko da jini.

Tambaya: Likita an ce ƴata tana da wannan ciwon, dangin mijina sunce wai auren zumuntan da muka yi ne ya jawo.

Amsa: A'a baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki. A 2005 masu bincike a Japan suka gano cewa canji ne a wata ƙwayar halitta mai suna HRAS, kuma kusan kullum sabon canji ne da ya faru a kan yaron kaɗai, iyaye lafiyarsu ƙalau. Auren zumunta yana da cututtukan da yake ƙarawa haɗari, wannan baya ciki, kuma da wuya ƙwarai ƙannenta su zo da shi. Ki dage da gashin ƙashi da koyon magana, yaran nan akwai son mutane da fara'a, suna koyo sosai in an bi su a hankali.

Tambaya: Shekarata 35, hancina kullum a toshe bana jin ƙamshi, ance tsoka ce ta fito a ciki. Ko shine?

Amsa: Ba shi bane malam, Costello da shi ake haifar mutum. Naka ya fi kama da tsokar da ke biyo bayan daɗaɗɗen kumburin hanci, sau da yawa tare da asma, maganin feshi yakan rage ta, in ya ƙi a yi aiki. Amma idan gefe ɗaya ne kawai ya toshe kuma kana haɓo, ka je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro cikin satin nan.