Sunan Safura: wai da gaske sunan tsuntsu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ina da ciki wata takwas, scanning ya nuna mace ce in sha Allah, ni kuma tun ina budurwa nake son sunan Safura. Maigida ya yarda amma ƙanwar mahaifiyarsa ta ce wai ta ji ance ma'anarsa tsuntsu, kuma yarinyar da aka sa wa sunan tsuntsu ba ta zama waje ɗaya, ko gidan miji sai ta yi ta tashi. Don Allah mene ne asalin sunan da ma'anarsa, kuma akwai shi a Alƙur'ani? (Wata 'yar'uwa daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya sauke ki lafiya. Inna ta yi gaskiya a rabin maganar, Safura ma'anarsa tsuntsuwa ce, ɗaya rabin kuma na cewa yarinya ba za ta zauna ba wannan kam camfi ne, zan zo kansa.

Sunan asalinsa ba Larabci ba ne, daga Ibrananci ya fito, yaren Banu Isra'ila, su suna cewa Tsippora, daga kalmarsu ta tsuntsu wato tsippor. To da yake Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne sai ki ji ta yi kama da usfur, sunan da Larabawa ke kiran ƙananan tsuntsaye irin su gwara. Da sunan ya shiga littattafan Larabci sai ya koma Safura ko Safura'u, shi ya sa a nan za ki ji wasu na cewa Safura'u kamar yadda muke cewa Asma'u da Hauwa'u, wasu kuma Safuratu. Duk suna ɗaya ne. Amma kar ki haɗa shi da Safiya ko Safina, waɗannan kowanne da tushensa daban.

Mai sunan ta asali ita ce matar Annabi Musa (AS). Labarinta yana cikin Suratul Ƙasas daga aya ta 23 zuwa ta 28, kuma ni a ganina nan ne darajar sunan take fiye da ma'anar kalmar. Annabi Musa ya baro Masar a guje ya iso ruwan Madyana ya tarar da cincirindon makiyaya na shayar da dabbobi, can gefe ga mata biyu suna ta kare tumakinsu kar su kutsa cikin maza, ya tambaye su lafiya, suka ce mu ba ma shayarwa sai makiyaya sun watse, babanmu kuma tsoho ne tukuf. Ya shayar musu ya koma inuwa ya yi addu'ar nan da ake yawan koya wa masu neman aure da masu neman aiki. Sai ga ɗayarsu ta dawo, Alƙur'ani ya ce tana tafiya cikin kunya, ta ce babana na kiranka ya biya ka ladan shayarwar da ka yi mana. Kuma ɗaya daga cikinsu ce ta ba uban shawara cewa ya ɗauke shi aiki, don mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi amintacce. Ki duba fa, yarinya mai kiwo, daga gani ɗaya ta karanci mutum, kuma shawararta uban ya bi. Daga nan uban ya aurar masa da ɗayarsu, sadakin shi ne kiwon shekara 8, in ya cika 10 daga gare shi ne, kuma a Bukhari an ruwaito daga Ibn Abbas cewa mafi tsawon ya cika.

Sai dai a nan dole in gyara wani abu da nake yawan gani ana turawa a WhatsApp cikin jerin "sunayen da suka zo a Alƙur'ani". Sunan Safura bai zo a Alƙur'ani ba. Matar ta zo, sunanta bai zo ba, ai mace ɗaya ce tak aka ambata da sunanta a duk Alƙur'ani, Nana Maryam. Malaman tafsiri irin su Ɗabari ne suka kawo sunan daga ruwayoyin da suka samo asali wajen ma'abota littafi, kuma a littafin Fitowa na cikin Attaura sura 2 aya 21 yana nan, fassarar Hausa ta rubuta shi Ziffora, ubanta kuma Yetro firist na Madayana. Haka ma maganar cewa 'yar Annabi Shu'aibu ce, ta shahara ƙwarai a bakin masu wa'azi amma malamai sun yi saɓani, Ibn Kasir ya kawo hujjar masu cewa Annabi Shu'aibu ya riga Annabi Musa da zamani mai tsawo. Wannan ba ya rage wa sunan komai, Hajara da Saratu da Asiya ma ba a faɗi sunayensu a Alƙur'ani ba kuma gidajenmu cike suke da su. Madyana ɗin kuwa tana arewa maso yammacin Saudiyya ta yau, wajajen garin Al-Bad'a a yankin Tabuka, kusa da tekun Aƙaba.

Batun yawan masu sunan, a ƙasar Hausa ana jin sa jefi-jefi, ba irin Fatima da Aisha ba da malami zai kira suna a aji mutum biyar su amsa. Ya fi yawo a wasu wurare, a Pakistan da Indiya da Iran ana sa shi, a Azarbaijan akwai mawaƙiya Safura Alizadeh da ta wakilci ƙasar a gasar Eurovision ta 2010. Yahudawa har yau suna sa shi, Tzipi Livni da ta riƙe ministar harkokin wajen Isra'ila daga 2006 zuwa 2009 cikakken sunanta Tsippora ne aka gajarta. Kiristocin Kenya ma suna da Zipporah da yawa, Faransawa kuma su ce Sefora.

To mu dawo kan Inna, Allah Ya ƙara mata lafiya. Sa wa yaro sunan tsuntsu ba baƙon abu ba ne a Musulunci, Ikirima ma'anarsa kurciya mace kuma sahabi ne, ga kuma Ikirima almajirin Ibn Abbas, Ɗawus ɗan Kaisan babban tabi'i na Yaman sunansa dawisu kenan, Haisam da iyayen zamani ke rububinsa yanzu ɗan gaggafa ne, ban ji wanda ya ce waɗannan sun kasa zama ba. Larabawan jahiliyya ne ke kora tsuntsu kafin tafiya, in ya yi dama su tafi in ya yi hagu su fasa, Manzon Allah (SAW) ya soke wannan ya ce babu camfi, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Abin da shari'a ta hana shi ne suna mai mummunar ma'ana ko mai bautar da mutum ga wanin Allah, Safura ba ya cikin ko ɗaya. Amma kar ki je ki tsaya gaban Inna kina jawo mata hadisi, ba zai yi kyau ba, ki bar maigida ya ba ta labarin matar Annabi Musa a hankali, yawanci tsofaffi da sun ji sunan matar annabi ne shikenan magana ta mutu.

Abin da za ki shirya masa kawai shi ne tsokana, kakanni da abokan wasa sai sun kira ta Safura mai fura, wannan babu makawa. Sannan ranar da za a karɓo takardar haihuwa ku tsayar da rubutu ɗaya, in Safura ne to Safura, kar a rubuta Safoora a asibiti, Safuratu a firamare, Safura'u a NIN, don lokacin JAMB ne ake gane wahalar gyaran harafi ɗaya.