Mahaifinmu ya fara ba mu labarin rayuwarsa: yaya za mu saurara, mu kuma adana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 79, mu biyar ya haifa, duk mun girma. Tun bayan rasuwar mahaifiyarmu ya soma ba mu labaran ƙuruciyarsa, da abubuwan da yake so da waɗanda ba ya so, wasu ma ba mu taɓa ji ba. Amma da mun zaunar da shi mun ce ya ba mu tarihinsa mu naɗa, sai ya ce babu abin faɗa. Wani lokaci kuma labari ɗaya zai ba mu sau uku a mako. Yayanmu yakan ce, "Baba, ai kun faɗa mana," sai ya yi shiru. Shekarun da yake ambata ma ba sa dacewa da abin da ƙanwarsa ke faɗa. Yaya za mu yi mu adana labaran nan? Maimaitawar kuma alamar ciwon mantuwa ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Mama, ya ƙara wa Baba lafiya. Inda aikin ke fara lalacewa shi ne tambayar da kuke yi masa. "Baba, ku ba mu tarihinku" ta fi ƙarfin kowa. Ko ke aka ce ki ba da naki yanzu, sai kin rasa ta inda za ki kama. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye rayuwa a jere daga haihuwa zuwa yau. Guntu-guntu take ajiyewa, kowane guntu manne da wani wuri, ko wani mutum, ko ƙamshi, ko sauti, kuma sai an taɓa abin da yake manne da shi yake fitowa. Shi ya sa labarin ke zuwa da kansa a tsakiyar hira, ya ƙi zuwa in an zaunar da mutum kamar mai ba da shaida a kotu.

To ki ƙanƙanta tambayar har ta zama abin da ido zai iya gani. "Baba, ɗakin da kuke kwana kuna yara, ku nawa ne a ciki?" "Kuɗin farko da kuka samu da guminku, me kuka yi da su?" "Wane malami kuka fi tsoro?" "Ranar da kuka fara ganin Mama, a ina take tsaye?" Ki guji tambayar da za a amsa da i ko a'a, ki kuma yi hattara da "me ya sa", domin a kunnen babba tana kama da tuhuma. "Yaya aka yi kuka bar wancan aikin?" za ta buɗe bakinsa, "me ya sa kuka bar shi?" za ta sa ya fara kare kansa. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. In ya yi shiru, kada ki yi saurin cike gurbin, ki ƙirga goma a zuciyarki. Sau da yawa abin da ya fi daraja bayan wannan shirun yake fitowa.

Akwai kuma shekarun da suka fi albarka. Masu binciken ƙwaƙwalwa, cikinsu har da David Rubin na Jami'ar Duke a Amurka, sun nuna tun a shekarun 1980 cewa mutumin da ya manyanta ya fi tuna abin da ya faru tsakanin shekararsa 10 zuwa 30, fiye da na shekara arba'in ko hamsin. Lokacin ne ake yin abubuwa karon farko: makaranta, barin gida, aiki, aure, haihuwar fari. Nan za ki fara haƙa. Abin da ya faru kafin shekara uku ko huɗu kuwa kusan ba wanda ke tuna shi, in ya ba da shi ma mai yiwuwa ji ya yi daga manya.

Abubuwan da yake so ɗin nan da kika ambata a gefe, a ganina su ne babbar ƙofa, kada ku raina su. Waƙar da mutum ya so yana saurayi ta fi kowace tambaya saurin dawo da shi wancan zamani. Ki nemo ɗaya, ki kunna ta a hankali, ki kashe bayan minti ɗaya ko biyu, ki ce, "Baba, a ina kuka fara jin wannan?" Ƙamshi kuma ya fi nisa, domin yakan tono abin da ya faru kafin shekara goma: sabulun da ake musu wanka da shi, abin da mahaifiyarsa ke dafawa, ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama. Haka tsohon agogo, katin shaidar aiki, wasiƙa, ko kayan sana'arsa. Ki ba shi abin a hannu ya jujjuya, kada ki tsaya nuna masa daga nesa. In hoto ne, ɗaya-ɗaya za ki riƙa miƙawa. In kika ajiye masa tulin hotuna sai ya yi ta buɗewa yana ambaton sunaye kawai, labari bai fito ba. Sunayen da ya faɗa ki rubuta a bayan hoton da fensir mai laushi, ban da biro, don tawada na ratsa takarda.

Sannan ki ware shafi ɗaya na abin da yake so yau, daban da na da. Abin sha da zafinsa ko sai ya huce? Da fitila yake barci ko a duhu? Ƙofa a buɗe ko a rufe? Wane lokaci yake son wanka, wa kuma ya yarda ya taimaka masa in ta kama? Wane shiri yake saurare a rediyo, wace irin hira ke gundurarsa? Wannan shafi ba don tarihi ba ne kawai. Ranar da ya kwanta rashin lafiya bai iya bayani ba, shi mai jinya zai duba. Ƙungiyar Alzheimer's Society a Birtaniya, mai tallafa wa masu ciwon mantuwa, tana da irin wannan takarda da iyali ke cikewa su ba ma'aikatan asibiti. Ku dai sani cewa ɗanɗano da jin ƙamshi na raguwa da shekaru, wasu magunguna na busar da baki ko su sauya ɗanɗano, haƙoran roba ma na sa mutum ya guji abin da yake so a da. Don haka in ya ce ya daina son wani abu, ku yarda da shi, kada a ce "ai da kuna so". In kuwa cin abincin ne ya ragu gaba ɗaya har yana ramewa, wannan na likita ne.

Yanzu batun maimaitawa. Ba da labari ɗaya sau uku a mako, shi kaɗai, ba ya nuna ciwon mantuwa. Tuna wanda aka riga aka ba wa labari wani aiki ne daban a ƙwaƙwalwa, kuma yana rauni da tsufa ko a mai cikakkiyar lafiya, balle mai 'ya'ya biyar da ke shigowa lokuta daban-daban. Bayan haka, labarin da dattijo ke yawan komawa kansa galibi akwai abin da yake warwarewa a ciki. A 1963 likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ya rubuta cewa waiwayen rayuwa da tsofaffi ke yi aiki ne na lafiya, wanda mutum ke daidaita lissafin rayuwarsa da shi, a lokacin da likitoci da yawa ke ɗaukar hakan alamar lalacewa. Wanda ya rasa abokiyar zaman da ta san duk labaran nan kuwa, dole ya nemi sabon kunne.

Ki roƙi yayanku ya bar cewa "kun faɗa mana". Kalmar gajeriya ce, amma abin da Baba ke ji shi ne an gaji da shi. In labarin ya dawo, a shige shi ta wata ƙofa: "Baba, shi wannan abokin naku da kuka yi tafiyar tare, kun sake haɗuwa?" Za ku sha mamakin abin da ke ɓoye a bayan labarin da kuke zaton kun haddace.

Abin da zai sa ku kai shi asibiti daban ne: ya yi tambaya ɗaya sau da yawa cikin 'yan mintoci, ya manta ya ci abinci ko ya sha magani, ya ɓata a hanyar da ya saba, lissafin kuɗin da ya iya ya gagare shi, ko halinsa ya sauya. Kada kaifin tsohon labari ya ruɗe ku, domin a ciwon Alzheimer, wani nau'in ciwon mantuwa, sabon abu ke fara gushewa, tsoho ya daɗe. Likita zai duba har da abubuwan da ke kama da ciwon mantuwa alhali suna da magani, irin su ciwon damuwa bayan rashi, ƙarancin bitamin B12, matsalar tayroyid (wata gaɓa da ke gaban wuya), da raunin ji. In kuwa ruɗewa ta zo masa farat ɗaya cikin awoyi ko kwana ɗaya biyu, a ranar za a kai shi, kada a jira.

Saɓanin shekaru tsakaninsa da ƙanwarsa ba abin damuwa ba ne. Duk lokacin da mutum ya tuna abu, sake gina shi yake yi, kuma lamba ce ke fara zamewa. Kada ku gyara masa a tsakiyar magana. Ku tambaye shi da ma'aunin da ya fi riƙewa: "Lokacin an haifi Yaya ko tukuna?" "Kuna wancan gidan ko kun tashi?" Ku naɗi gwaggonku ita ma a zama na daban, ku ajiye ruwayoyin biyu yadda suke, ku rubuta abin da takarda ta tabbatar a gefe.

Naɗar kanta ba ta buƙatar kayan aiki masu tsada, wayarki ta isa. Ki nemi izininsa tukuna, ki faɗa masa wa zai ji. Naɗa a ɓoye in ya gano ta, ya rufe baki ke nan. Ki zaɓi lokacin da ya fi kuzari, ga yawancin tsofaffi da hantsi ne. A kashe fanka da talabijin, a sa wayar a yanayin jirgin sama don kira kada ya katse, a ɗora ta kan tawul a naɗe, kimanin santimita 30 zuwa 50 daga bakinsa. In a kan tebur tsirara take, duk ƙwanƙwasa sai ta shiga. Ki gwada daƙiƙa ashirin ki saurara kafin ku fara. Da buɗewa ki faɗi kwanan wata da sunan waɗanda ke wurin. Mai tambaya ɗaya, in ya yi yawa biyu, domin in ku biyar kuka kewaye shi za ku koma gardama a junanku. Ki zauna fuska da fuska inda haske ke kan fuskarki, ki yi magana a sarari ba tare da ihu ba, saboda raunin ji na tsufa siraran sautuka yake fara ɗaukewa, ihu kuma ƙara dagula kalmomi yake yi. Minti 40 ya isa zama ɗaya, shi ne ma tsawon da StoryCorps, ƙungiyar da ke naɗar hirar iyalai a Amurka tun 2003, take amfani da shi. Gajerun zama shida sun fi dogo ɗaya.

A ranar ki fitar da fayil ɗin daga wayar, ki sa masa suna da kwanan wata da batu, ki ajiye kwafi uku: a kwamfuta, a filas, da ma'ajiyar intanet irin Google Drive. Murya a tsarin fayil na m4a ko mp3 galibi ba ta wuce kimanin megabait ɗaya a minti, don haka wuri ba matsala ba ne. Kada ku dogara da zauren WhatsApp na gida a matsayin ma'ajiya, sauya waya ɗaya na iya tafiya da komai. Rubuta hirar awa ɗaya kalma da kalma na cin awa huɗu zuwa shida, nan ne iyalai da yawa ke sarewa. Ki yi jadawali kawai: minti na 5, makarantarsu, minti na 18, rasuwar mahaifinsa. In za ki rubuta wani sashe, ki bar shi da kalmominsa, kada ki gyara masa harshe.

Wata rana zai taɓo abin da zai sa shi hawaye, musamman in an zo kan Mama. Kada ki yi wuf ki kashe wayar ko ki sauya magana, ki ɗan jira, ki ce, "Baba, mu tsaya ko mu ci gaba?" Shi zai zaɓa. Abin da ya ce ba ya son faɗa, a bar shi. In ya faɗi abin da ya shafi wani mai rai, ko wani sirri na gida, ki tambaye shi a wurin ko ya yarda sauran su ji, ki naɗi amsarsa, wannan fayil ɗin kuma ki ware shi daga waɗanda za ki tura wa 'yan'uwanki. Kafin ku tashi ki mayar da hirar kan abu mai sauƙi na 'yan mintoci, washegari kuma ki kira ki ji yadda ya kwana. In zaman ya hana shi barci, ku ɗaga na gaba da mako guda, ku kuma fara shi da wani batu.