Likita na Amsawa: Na Ji Sauƙi, In Ajiye Maganin Hawan Jini?

Tambayoyin da suka taru mini wannan makon kusan duk a kan hawan jini ne, wanda a nan Damagaram wasu ke kira tansiyo. Na ɗauki biyar, na taƙaita su.

Wani dattijo daga Birni: Wata takwas ke nan ina shan amlodipine na miligiram 5. Ciwon kai ya tafi, awon ƙarshe 13/8 aka ce mini. Ba zan iya hutawa haka nan ba? Kuɗin ma sun fara yi mini nauyi.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. 13/8 awo ne mai kyau, amma maganin ne ya kawo ku nan, ba hawan jinin ne ya tafi ba. Ku dubi dokin hawan salla a ƙofar fada: yana tafe a natse saboda akwai linzami a bakinsa, ba don ya manta da gudu ba. Hawan jini ba kamar zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake shan magani kwana uku a gama. Ga yawancin mutane abin riƙo ne na tsawon rai.

Abin da ke ruɗin mutane da amlodipine shi ne yana daɗewa a jiki. Wanda ya daina yau zai yi kwanaki bai ji komai ba, sai ya ce ai ga shi, dama na warke. A hankali jinin ke komawa sama da 14/9, wato 140/90 a lissafin da ake yi a Najeriya, kuma sau da yawa ba ciwon kai ba jiri. Yana can yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da ƙoda, da zuciya, da idanu. Da yawa daga waɗanda ake kawo mana da shanyewar ɓarin jiki, in ka tambayi iyalinsu sai su ce: "Yana shan magani da, ya ji sauƙi ya bari." Wannan jimla na gaji da jin ta. Masu shan atenolol, wani maganin hawan jini, kuma nasu ya fi haɗari, don yanke shi farat ɗaya na iya sa zuciya ta kama bugu da sauri, har ciwon ƙirji ya taso.

Maganar kuɗi kuwa ba abin kunya ba ce, ku faɗa wa likitanku kai tsaye. A farmasi ku nemi jenerik, wato maganin da sunansa na asali ba na kamfani ba. Aikinsu ɗaya, farashin ne ya bambanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa sha yau a tsallake gobe don kwalin ya kai ƙarshen wata.

Wata uwa daga Zango: Tun da aka ƙara mini amlodipine zuwa 10 ƙafafuna ke kumbura da yamma, maƙwabciyata ta ce ƙoda ce. Maigidana kuma tari ya hana shi barci tun da ya fara captopril, mun sha maganin tari har mun gaji.

Hajiya, kumburin idon sawu sananne ne ga amlodipine, musamman na 10. Maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyi, sai ruwa ya ɗan taru a ƙasa, zafin gari kuma ya ƙara masa. In ƙafa biyu ne, kuma yana saɓewa da safe, galibi shi ne. Duk da haka ki je a duba, a auna fitsari da jini, don hankali ya kwanta. Ana iya rage shi a haɗa miki da wani. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura da ciwo, ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, wannan ba na jira ba ne.

Maigida kuma ku daina ɓarnar kuɗi a kan maganin tari. Busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro halin captopril ne da ɗan'uwansa enalapril, kuma ba ya jin siro. Likita zai iya sauya masa da losartan ko makamancinsa. Amma in leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura, kada ya ƙara shan ko ƙwaya ɗaya, ku nufi asibiti nan take.

Wani direba mai bin hanyar Tanut da Agadas: Nakan manta da sha in ina hanya, sai in haɗa biyu washegari. Ɗaya daga cikin magungunana yana sa ni yawan fitsari. Ga ciwon baya, ina sayen diclofenac a tasha.

Ɗan'uwa, abu uku ka faɗa, kuma na ukun ya fi tayar mini da hankali. Diclofenac da ibuprofen suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin da kake sha. In suka haɗu da mai sa fitsari, ga zafin hanyar arewa, ga ƙarancin shan ruwa, ƙoda ce ke biyan bashin. Ka koma paracetamol, na haɗiya ba wanda ake jefawa cikin ruwa yana tafasa ba, don wancan akwai gishiri a cikinsa. Kuma maganin da ya yini a kan faranti cikin rana a tasha, ba wanda ya san abin da ya rage a cikinsa.

Naka ma haka. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin mota a rufe. Yawancin waɗannan ƙwayoyi ana so a ajiye su ƙasa da digiri 30. Kada ka bar su gaban gilashi. Ka sa su cikin jaka tsakanin tufafi, a cikin ledarsu ta asali.

Kada ka ƙara haɗa biyu. In ka tuna a ranar, ka sha. In har lokacin na gaba ya matso, ka bar wancan ya wuce. Ninkawa na iya faɗar da jini, jiri ya ɗebe ka kana riƙe da sitiyari da mutane a bayanka. Ka ɗaura shan maganin da sallar asuba, ita ba ka mantawa da ita. Mai sa fitsarin, ina zaton hydrochlorothiazide ne, dama da safe ake shan sa. Ranar da gudawa ko amai suka kama ka, ka nemi ma'aikacin lafiya mafi kusa kafin ka ci gaba da shi.

Wata matashiya daga Mirya: Ina shan enalapril, kuma wata biyu ban ga al'adata ba.

Ƙanwata, ki ajiye duk abin da kike yi ki je awo yau. Enalapril, captopril da losartan ba a shan su da ciki, suna iya lalata ƙodar jariri. Ki dakata da enalapril ɗin, amma kada ki zauna ba magani: akwai methyldopa da nifedipine da ake ba masu ciki. In Allah ya sauke ki lafiya, ki roƙi su Inna su sassauta miki kunun kanwa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, jikin mai hawan jini ba ya bambanta su.

Wani malamin makaranta daga Garin Malam: An ce zoɓo da tafarnuwa da zogale suna saukar da jini. In koma gare su?

Malam, ka sha zoɓonka ba sukari da yawa, ka ci kwaɗon zogale, ba ni da ja. Zoɓo na ɗan saukar da jini, amma ba mai iya gaya maka kofi nawa ne daidai da ƙwaya ɗaya, don haka ba ya maye gurbinta. In aiki kake so daga madafa, ka fara da gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya da yajin kilishi duk suna cikin lissafin. Ka sami littafi ka riƙa rubuta awonka da kwanan wata, bayan ka zauna minti biyar ka huta, ka zo mana da shi ranar ganin likita tare da kwalayen duk abin da kake sha, har na gargajiya.